Littafin Tarihin Kulob ko Rahoton Kuɗinsa: Da Wanne Za Ka Fara?

Mai goyon bayan da kallon wasa ya daina isarsa, yana son ya san abin da ke bayan fage, abu biyu ne a gabansa. Akwai littafin tarihin kulob, sai ka ciro kuɗi ka saya, amma yana da daɗin karatu. Akwai kuma rahoton kuɗi na shekara-shekara, wanda galibi kyauta yake a intanet, sai dai kafin ka gama shafi biyu ka fara hamma. Kowanne da tambayar da yake amsawa, kuma wanda lokacinsa kaɗan ne dole ya zaɓi inda zai sa ƙafa tukuna.

Abin da yawancinmu muke yi sananne ne. Tarihin kulob ɗinmu muke karantawa don mu ji daɗi, sannan mu leƙa aljihun abokin hamayya don neman abin gori. Ɗan United ya haddace 1968 da 1999, shekarun da suka ci kofin Turai, ya kuma haddace tuhumar da ake yi wa City, amma ka tambaye shi nawa kulob ɗinsa ke kashewa a albashi sai ya fara kame-kame. Ɗan Madrid ya fi akantan Barcelona sanin bashin Barcelona. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni a ganina da za a juya abin, mutum ya karanta kuɗin kulob ɗinsa da tarihin abokin hamayyarsa, da ya fi ƙaruwa. Amma bari mu ga abin da kowanne ke ɗauke da shi.

Littafin tarihi mai kyau yana ba ka dalili. Me ya sa Everton da Liverpool suka zama ƙungiyoyi biyu a gari ɗaya? Rigimar kuɗin haya ce. Everton ce ke wasa a Anfield, a can ma ta ci gasar 1891, sai ta saɓa da mai filin, John Houlding, ta tattara ta koma Goodison Park a 1892. Houlding ya ga filinsa ba kowa, ya kafa Liverpool. Me ya sa magoya bayan Tottenham ba su taɓa huce wa Arsenal ba? Asalin Arsenal daga Woolwich take, kudu da kogin Thames, a 1913 ta yi ƙaura zuwa Highbury, kusa da hancin Tottenham. A 1919 da aka ƙara yawan ƙungiyoyin babban rukuni daga 20 zuwa 22, aka kaɗa ƙuri'a, Arsenal da ta ƙare ta biyar a rukuni na biyu ta samu gurbi, Tottenham ta sauka. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa shugaban Arsenal na lokacin, Henry Norris, ya yi wani abu a bayan fage, ko da yake ba a taɓa tabbatar da hakan ba. Babu rahoton kuɗin da zai gaya maka wannan, kuma in ba ka san shi ba, rabin zafin wasan arewacin Landan ya wuce ka.

Wani abin da tarihi ke yi, wanda mutane ba su cika lura ba, shi ne yana rage wa mai gori kaifin baki. Ɗan United da ke cewa City da kuɗi ta sayi kofuna ya kamata ya karanta shekarun farko na kulob ɗinsa. Newton Heath, sunan United na asali, ta kusa rushewa saboda bashi a 1902, wani attajiri mai kamfanin giya, John Henry Davies, ya ceto ta, aka sauya mata suna, da kuɗinsa kuma aka gina Old Trafford da aka buɗe a 1910. Shi kuma ɗan City ya duba 1906, shekarar da hukumar FA ta dakatar da 'yan wasan City 17 saboda an biya su fiye da albashin da doka ta ƙayyade. Wasu daga cikinsu, har da Billy Meredith, suka koma United, kuma da su United ta ci gasarta ta farko a 1908. Wato rigimar kuɗi tsakanin ƙungiyoyin nan biyu ta girmi kakannin masu musun na yau. Bayan an jefa wa Old Trafford bam a 1941, a Maine Road, filin City, United ta riƙa wasa tana biyan haya har 1949.

Sai dai littattafan tarihin ba ɗaya suke ba, kuma a nan ne ake yawan asarar kuɗi. Akwai wanda kulob da kansa ya sa aka rubuta, mai tambarinsa a bango, galibi don cikar shekara 100 ko 125. Irin wannan ya fi kowa hotuna, domin an buɗe wa marubucin ma'ajiyar kulob, kuma jerin sakamakon wasanni da sunayen 'yan wasa da ke ƙarshensa abin dogaro ne. Rauninsa shi ne wanda ya biya kuɗin aikin yana nan a raye, yana kuma karantawa. Shekarun kunya sai a tsallake su da sakin layi ɗaya. Akwai kuma wanda ɗan jarida ko masanin tarihi ya rubuta don kansa. Hotunansa kaɗan ne, wani lokaci takardarsa ma ba ta da kyau, amma shi ne zai zauna a kan rigimar masu kulob da koci, da cinikin da ya lalace, da abin da aka ɓoye wa magoya baya.

Gane bambancin ba shi da wuya in littafin yana hannunka. Ka juya ƙarshe ka ga ko marubucin ya faɗi inda ya samo bayanansa, jaridun zamanin ne, ko takardun taron shugabanni, ko hira da waɗanda aka yi abin a gabansu. Sannan ka nemi shekarar da kulob ɗin ya fi jin kunya, ka ƙirga shafukan da aka ba ta. In na Juventus ne, ka nemi 2006, lokacin da aka jefa ta Serie B, rukuni na biyu na Italiya, kan badaƙalar alƙalan wasa. In na Chelsea ne, ka nemi 1982, da Ken Bates ya saye ta a fam ɗaya saboda bashin da ya yi mata katutu. In na City ne, kakar 1998 zuwa 1999 da ta yi a rukuni na uku. In na Liverpool ne, ka ga yadda aka ba da labarin filin Heysel na 1985, inda mutum 39 suka mutu a wasan ƙarshe na kofin Turai da Juventus. Littafin da ya bi ta kan waɗannan a guje, kundin hotuna ne, ka saye shi a matsayin haka in kana so. Littattafan da tsofaffin 'yan wasa ke fitarwa kan rayuwarsu kuwa wani abu ne daban, labarin mutum ɗaya ne yana kare kansa, kar ka ɗauke su tarihin kulob.

Shi rahoton kuɗi ba ya lallashin kowa. A Birtaniya kowane kulob kamfani ne, kuma doka ta wajabta masa ajiye rahotonsa a hukumar rajistar kamfanoni, Companies House, inda kowa zai iya sauke shi kyauta. Manchester United tana kasuwar hannun jari ta New York tun 2012, don haka duk wata uku take fitar da alƙaluma. Juventus da Borussia Dortmund su ma suna kasuwar hannun jari a ƙasashensu. Real Madrid da Barcelona mallakar mambobinsu ne, a gaban taron wakilan mambobi ake gabatar da lissafinsu. Samun takardar ba shi ne matsala ba. Sanin inda za ka duba a cikin shafuka masu yawa, shi ne aikin.

Ka fara da kuɗin shiga, wanda ake kasawa uku: na tikiti da abin da aka samu ranar wasa, na haƙƙin nuna wasa a talabijin, da na tallace-tallace da masu ɗaukar nauyi. Kulob ɗin da kusan duk kuɗinsa na talabijin ne, ranar da ya faɗi daga Firimiya ya shiga uku. Daga nan ka duba albashi, ka auna shi da kuɗin shiga. Hukumar UEFA ta kawo dokar da ta taƙaita abin da kulob zai kashe a kan 'yan wasa da koci, tana saukowa daga kashi 90 cikin 100 zuwa 80, har ta tsaya a 70. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya nuna maka ko kulob ɗinka yana numfashi ko yana haki.

Wurin da aka fi yin musu cikin jahilci shi ne sayen 'yan wasa. Za ka ji an ce kulob kaza ya kashe miliyan 400 a bazara ɗaya, ya aka yi ba a hukunta shi ba? Amsar tana cikin yadda ake rubuta cinikin. Ba a zuba kuɗin ɗan wasa gaba ɗaya a shekarar da aka saye shi, rarraba shi ake yi a kan shekarun kwantiraginsa. Ɗan wasan fam miliyan 100 da ya sa hannu na shekara 5, miliyan 20 zai riƙa ci a littafi duk shekara. Ka ba shi shekara 8, ya sauko miliyan 12 da rabi. Wannan ce dabarar da Chelsea ta yi da Enzo Fernández a Janairun 2023, ta saye shi fiye da fam miliyan 100 ta ba shi shekara 8 da rabi, ta kuma yi wa Mudryk haka. A wannan shekarar UEFA ta toshe ƙofar, ta ce iyakar rarrabawa shekara 5, Firimiya ma ta bi sahu a Disamba.

Sayarwa kuwa akasin haka take. Duk ribar a shekarar cinikin take shiga, lokaci guda. Yaron da kulob ya raina tun yana ƙarami ba shi da farashi a littafi, tunda ba sayensa aka yi ba, don haka duk abin da aka sayar da shi riba ce zalla. Shi ya sa Chelsea ta rabu da Mason Mount a 2023 da Conor Gallagher a 2024, magoya baya suna ta kukan an sayar da 'yan gida. Mai karanta tarihi kaɗai zai ce rashin kishi ne. Mai karanta rahoto ya san ramin da ake cikewa. Irin wannan lissafi ne ya sa Juventus da Barcelona suka yi musayar Arthur da Pjanić a 2020, aka sa wa ɗaya yuro miliyan 72, ɗayan miliyan 60, kowane kulob ya rubuta riba mai tsoka alhali kuɗin da ya sauya hannu kaɗan ne. Daga baya, a 2023, an cire wa Juventus maki 10 a gasar Italiya kan yadda take kumbura farashin 'yan wasa a irin waɗannan cinikayya.

Sai bashi, kalmar da aka fi jifan juna da ita. Jimillar bashi ita kaɗai ba ta faɗin komai, sai ka san wa ake bi, me aka yi da kuɗin, nawa ne ruwansa, kuma yaushe za a biya. United kusan ba ta da bashi kafin 2005. Iyalan Glazer suka ranto fiye da fam miliyan 500 suka sayi kulob ɗin a kan kimanin miliyan 790, sannan suka ɗora masa bashin ya riƙa biya da kansa. Kuɗin bai gina fili ba, bai sayi ɗan wasa ba, kuma shekara kusan 20 bayan haka bai ƙare ba. Tottenham ita ma tana da bashi, ya ma haura fam miliyan 800, amma filin da ta buɗe a 2019 ta gina da shi, na dogon zango ne mai ƙarancin ruwa, filin kuma yana kawo kuɗi daga wasannin ƙwallon Amurka da bukukuwan mawaƙa. Chelsea a zamanin Abramovich bashinta ya kai kimanin fam biliyan 1.5, amma mai kulob ɗin ne ke bin ta, ba ruwa, kuma da zai sayar a 2022 ya ce ba zai nemi a biya shi ba. Barcelona kuma, a Agustan 2021, watan da Messi ya tafi, shugabanta Joan Laporta ya sanar da bashin yuro biliyan 1.35, babban ɓangarensa kuma na gaggawa ne. Don ta samu sarari, a 2022 ta sayar wa kamfanin Sixth Street kashi 25 cikin 100 na kuɗin talabijin ɗinta na La Liga har shekara 25. Bashi huɗu ke nan, babu wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Duk wanda ya jera su a layi ɗaya ya ce wannan ya fi wancan talauci, bai buɗe takardar ba.

Rahoton ma yana da nasa makanta, kuma ba ƙarama ba ce. Na farko, a makare yake zuwa. Shekarar kuɗin yawancin ƙungiyoyin Ingila tana ƙarewa a ƙarshen Mayu ko Yuni, doka kuma ta ba kamfani mai zaman kansa wata tara kafin ya ajiye. Abin da kake karantawa a Maris labarin kakar da ta wuce ne. Na biyu, kulob kan kasance kamfani a cikin kamfani. A ƙarshen 2009 Chelsea ta sanar cewa kusan ba ta da bashi, gaskiya ne a takardar kulob, amma bashin yana nan a kan kamfanin da ke samansa, Fordstam. In ka sauke takardar da ba ita ba, za ka yi ta rantsuwa a kan abin da ba haka yake ba. Na uku, asarar da ka gani a rahoto ba ita ce hukumar Firimiya ke aunawa ba. Dokar da aka hukunta Everton da Nottingham Forest da ita ta yarda da asarar fam miliyan 105 a shekara uku, amma bayan an cire abin da aka kashe a renon matasa, ƙungiyar mata, gine-gine da ayyukan al'umma. Everton an fara cire mata maki 10 a Nuwamban 2023, ɗaukaka ƙara ta mayar da su 6, aka ƙara mata 2 daga baya, Forest kuma aka cire mata 4. Ko ƙwararrun da suka yi shari'ar sai da suka saɓa a kan lissafin, balle ni da kai.

Kuma rahoto abin da kulob ya faɗa ne, masu binciken kuɗi suka sa hannu. In ana zargin an shirya alƙaluman ne tun daga tushe, karanta su ba zai warware komai ba. Wannan ne zuciyar shari'ar City. A Fabrairun 2020 UEFA ta haramta mata gasar Turai na shekara biyu, a Yuli kotun wasanni ta duniya ta soke haramcin, ta ce wasu zarge-zargen lokacinsu ya wuce, wasu kuma ba a tabbatar ba, ta bar tarar yuro miliyan 10 saboda ƙin ba da haɗin kai. A Fabrairun 2023 Firimiya ta tuhume ta da laifuka fiye da 100. Mai musu na gaskiya zai bambanta tuhuma da hukunci, ko da kuwa City ce ya fi tsana a duniya.

Akwai masu gudun duka biyun su tsaya a tsakiya, su dogara da jadawalin da kamfanin Deloitte ke fitarwa duk Janairu, ko farashin 'yan wasa na shafin Transfermarkt. Na Deloitte kuɗin shiga kaɗai yake jerawa. A nan aka ga Real Madrid ta zama kulob na farko da ya haura yuro biliyan 1 a kakar 2023 zuwa 2024, amma matsayi a jadawalin ba ya nufin riba ko rashin bashi. Farashin Transfermarkt kuwa ƙiyasi ne, ba rasit ba.

In kana son ka ga inda ɗaya ya fi ɗaya ƙarara, dubi Leeds United. A 2001 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Gasar Zakarun Turai da matasa masu tashe. Littafin da aka rubuta a wannan shekarar farkon sabon zamani zai kira abin. A shekarar ce kuma kulob ɗin ya ranci fam miliyan 60 ya jinginar da kuɗin tikitin shekaru masu zuwa, da fatan zai riƙa shiga Gasar Zakarun Turai duk kaka. Bai shiga ba. Aka sayar da Rio Ferdinand ga United a 2002, sauran suka biyo baya, aka faɗi daga Firimiya a 2004, aka sayar da filin kulob ɗin, Elland Road, a 2007 aka gangara rukuni na uku, ba a dawo Firimiya ba sai 2020. Duk alamun suna cikin rahoton kuɗi tun kafin a fara kuka. Amma dalilin da ya sa dubban mutane suka ci gaba da cika filin a rukuni na uku, wannan sai littafin tarihi.

To da wanne za ka fara? In sabon shiga ne kai, ko ka daɗe kana goyon baya amma saninka bai wuce shekara goma da suka wuce ba, sayi tarihi, kuma ka nemi na marubuci mai zaman kansa. Ba ya tsufa da wuri, abin da ya faru a 1919 ba zai sauya ba, sai dai ka duba shekarar da aka buga shi don ka san inda labarin ya tsaya. In kuɗinka na littafi ɗaya ne kuma tarihin naku ka riga ka san shi, sayi na abokin hamayya, ko wanda ya haɗa ƙungiyoyin gari ɗaya a wuri guda, domin a nan ne za ka ci karo da abin da ba ka taɓa ji ba.

In kuwa abin da ke damunka shi ne me ya sa ba mu sayi ɗan gaba ba, me ya sa aka sayar da wane, ina kuɗin tikiti ke tafiya, tarihi ba zai yi maka magani ba. Sauke rahoton kulob ɗinka na shekara uku a jere, don na shekara ɗaya yana iya ruɗinka in an yi babban ciniki a cikinta. Kar ka ɓata lokaci a jawabin shugaba da ke farko, yabon kai ne. Wuce zuwa bayanan da ke ƙarshe masu ƙananan rubutu. Can za ka ga cinikin da kulob ya yi da kamfanonin mai shi, kamar otal biyu da Chelsea ta sayar wa wani kamfanin gidansu a fam miliyan 76.5. Can za ka ga kuɗin da har yanzu wasu ƙungiyoyi ke bin ku na 'yan wasan da aka saya kashi-kashi. A shafi na ƙarshe ko kusa da shi akwai bayanin abin da ya faru bayan rufe shekara, inda ake faɗin jimillar abin da aka kashe da abin da aka samu a kasuwar bazarar da ta biyo baya. Sai ka saba da naku tukuna, sannan ka sauke na maƙwabta ka ajiye su gefe da gefe.